Wane rubutu mai kauri zan sa a allon shago da sitikar yaji?

Mai Yajin Bauchi Road:
Assalamu alaikum. Ina sayar da yajin daddawa da na tafarnuwa a ƙananan robobi a nan Jos, yanzu Allah ya sa na kama shago a Bauchi Road. Yaron da ke min zane ya rubuta sunan da siraran haruffa masu lanƙwasa kamar katin biki, in ka tsaya a tsallaken titi ba abin da kake karantawa. Ni irin rubutun nan nake so mai kauri, wanda kowane harafi ke da ƙafa a miƙe, irin na tambarin Sony. Sunan da kalmar Ɗanɗano ya fara. Me zan ce masa ya nemo?

Ɗan Dilimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce masa silab serif. Tsohon salo ne, wani maƙerin haruffa a Landan, Vincent Figgins, ya fito da shi wajen 1815, kuma tun asali don tallan da ake liƙawa a bango aka yi shi, wato don a hango daga nesa. Idan yana da Microsoft Office zai ga Rockwell, na kamfanin Monotype tun 1934. Akwai Clarendon na 1845, shi ƙafafunsa sun ɗan lanƙwasa inda suka haɗu da jikin harafi, ni shi na fi so wa kayan abinci don bai cika tsauri ba. Na kyauta kuma, ya shiga Google Fonts ya duba Roboto Slab, Zilla Slab da Alfa Slab One.

Amma fa kafin ki ce wani ya yi miki kyau, ki sa ya buga Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ɓ ɓ a gabanki. Rockwell ɗin Office ba shi da su. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta aro harafin daga wani rubutu daban, sai ki ga Ɗ siriri tsaye a gaban sauran masu ƙiba, ko akwati kawai ya fito. A waya ba ya damun ido, a allo mai tsawon ƙafa takwas kuwa kowa zai gani. In wanda kika zaɓa ba shi da su, ya rubuta D a manhajar zane ta CorelDRAW, ya danna Ctrl+Q ya mayar da shi zane, ya ƙera ƙugiyar da hannu, kaurinta daidai da ƙafar harafin. Aikin rabin awa ne ga wanda ya iya.

Baban Injin:
Ni mai bugawa ne, wajen Terminus. A allo ba ni da jayayya. A sitikar roba ne nake jan kunne. Alfa Slab One kauri gare shi sosai, in aka ƙanƙantar da shi tawada takan cike ramin haruffa irin su a da e. Suna kaɗai za a yi da shi. Kayan haɗi, lambar waya da ranar lalacewa a sa su da rubutu mara ƙafa, a ɗan buɗa tsakanin haruffa. Kuma a buga ɗaya a manna a robar kafin a ce min dubu.

Malama Hausa:
Ƙanwata, ko me za a zaɓa, kada ki yarda a ce miki "ai a sa D kawai, kowa zai gane", ko a maƙala masa waƙafi a sama. Kuɗinki kika biya. Don ƙananan bayanai, Noto Sans yana da haruffanmu duka.

Mai Yajin Bauchi Road:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura masa. Baban Injin, fari a kan ja zai fito, ko in bar shi baƙi a kan ruwan ɗorawa?

Baban Injin:
Baƙi a kan ruwan ɗorawa, Hajiya. Rana ta fi saurin cinye ja, ga shi yajin da ke cikin robar ma ja ne.