Ƙanena ya tuba amma ya koma wa tramol: shin bangaskiya tana raba mutum da shaye-shaye?

Yayar gida, unguwar Zariya, Maraɗi

Salama a gare ku, ƴan'uwa cikin Almasihu. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin Littafi Mai Tsarki, da waɗanda suka taɓa ganin irin wannan jarraba a gidajensu. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, kuma ya daɗe yana shan tramol. Da farko yana sha ne domin ya jure zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da tasha tun asuba har dare, daga baya kuma ta kai ko shayin safe ba ya iya kurɓa sai ya fara haɗiyar ƙwaya. Bara, a wani taron farkaswa, ya fita gaba yana kuka, ya furta zunubinsa, aka ɗora masa hannu aka yi addu'a, ya kuma zubar da sauran ƙwayoyin da ke aljihunsa a idon jama'a. Mahaifiyarmu har ta tashi ta ba da shaida ranar Lahadi. Ba a daɗe ba, ina share ɗakinsa, na tarar da takardun ƙwayar a ƙarƙashin katifa, an ɓalle su duka.

An koya mana tun muna yara cewa idan Ɗan, wato Yesu, ya ƴantar da mutum, ya ƴantu ke nan da gaske, kamar yadda yake a Yahaya 8:36, kuma duk wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta ne. To, me ya sami ƙanena? Tubar tasa ta ƙarya ce, ko bangaskiyarmu ce ta gaza? Wasu a majami'a suna cewa ƙazamin ruhu ne ya dawo, kawunmu kuma yana son a kai shi inda za a sa masa mari a kulle. Shi kuwa ya daina zuwa sujada, ya ce ba shi da idon da zai kalli mutanen da suka ji shaidarsa.

Dattijon ikkilisiya, Tsibiri

Ƴata, sannu da wannan nauyi, Ubangiji ya ƙarfafa ki da mahaifiyarku. Ban ga dalilin da zai sa a ce tubar ƙanenki ta ƙarya ce ba. Wanda ya yi tubar ƙarya ba ya jin kunya, shi kuwa kunya ce ta hana shi zuwa sujada, kuma wannan alama ce cewa lamirinsa yana raye. Manzo Bulus da kansa, a Romawa sura 7, ya rubuta cewa nagartar da yake so ya yi ba ita yake yi ba, muguntar da yake ƙi ita yake aikatawa. Bitrus ya yi alkawarin mutuwa tare da Ubangijinsa, a daren nan kuma ya yi musun saninsa har sau uku, amma a Yahaya sura 21 shi ɗin ne Yesu ya danƙa wa kiwon tumakinsa.

Ki duba labarin Li'azaru a Yahaya sura 11. Yesu ne kaɗai ya iya kiransa daga kabari, wannan ba aikin ɗan adam ba ne. Amma da ya fito, hannuwansa da ƙafafunsa suna ɗaure da likkafani, sai Yesu ya umarci mutanen da ke tsaye a wurin su kwance shi. A ganina a nan ne ikkilisiyoyinmu suke yawan gazawa. Mukan cika fili da waƙa da ganga ranar da yaro ya fita gaba, amma ranar Litinin da zai koma bakin tasha cikin abokansa na dā, babu dattijo ko ɗaya da zai bi sawunsa ya tambaye shi yadda ya kwana.

Mu manoman wannan yanki mun san sassabin zamani, wanda wani ma'aikacin ƙungiyar masu bishara ta SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a nan Maraɗi a 1983. An lura cewa kututturen da ake ɗauka ya mutu yana da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka a maimakon a sassabe tohon duka, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a yi ta tsare su daga awaki da gatari shekara da shekaru kafin su zama itace. Haka nake kallon ƙanenki: rai yana nan, tsaro ne ya yi ƙaranci.

Game da horon ikkilisiya, idan ya zama dole a yi shi, Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Ki sami fastonku a keɓe, ki roƙe shi ya je gida ya same shi, kada a jira sai ya kawo kansa.

Ma'aikaciyar jinya, mai bi

Yaya, na yarda da abin da Baba ya faɗa, ina so in ƙara abin da ya shafi jiki, domin rashin saninsa ne yake sa iyalai su ɗora wa yaro laifin munafunci. Tramol maganin ciwo ne daga dangin su morfin da kodin. A asibiti akan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini, amma wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya a sayar a kan tebur yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda, wasu samari kuma sukan haɗiyi biyu ko uku lokaci ɗaya. Idan mutum ya daɗe a haka, jikinsa yakan saba, har ya zamana ba don jin daɗi yake sha ba, sai don kada ya kwanta ciwo.

Ranar da ya bari farat ɗaya, kafin a kwana a wuni zai fara zufa da hamma da ciwon gaɓoɓi, ga zawo, ga rashin barci, ga faɗuwar gaba da baƙin ciki marar dalili. Mafi tsananin wannan yakan wuce cikin mako guda ko makamancin haka, amma rashin barci da mutuwar jiki suna iya ɗaukar makonni. Ƙanenki ya zubar da ƙwayoyinsa da zuciya ɗaya, sa'an nan ya shiga wannan hali shi kaɗai a ɗaki, alhali kowa a waje yana cewa ya warke. Shi ya sa likitoci suka fi son a rage maganin sannu a hankali a ƙarƙashin kulawarsu. Ku kai shi babban asibiti, ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ku faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha.

Akwai haɗari biyu da nake so ki sani. Tramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda za ta iya kama shi yana bisa babur ɗauke da fasinja. Na biyu, wanda ya ɗan daina sa'an nan ya koma wa adadinsa na dā yana iya shan abin da ya fi ƙarfin jikinsa, musamman idan ya haɗa da giya ko ƙwayar barci, domin suna danne numfashi. Ku kuma lura kada ya musanya shi da maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa.

Batun mari kuwa, ina roƙon kawu ya janye shi. Sarƙa tana hana hannu kaiwa ga ƙwaya na ɗan lokaci, amma tana barin rauni da ƙiyayya. Zuwa asibiti kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Masu bisharar da suka kawo mana Maganar Allah su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suka kuma kafa na kutare a Danja, domin sun san Ubangijin da suke wa'azinsa ya kula da jiki da rai duka.

Wanda aka ƴantar

Yaya, ni ma na bi wannan hanya, kuma na faɗi bayan baftismata, saboda haka na san ɗakin da ƙanenki yake zaune a ciki yanzu. Abin da ya fi ƙwayar ƙarfi a lokacin shi ne muryar da take ce mini na riga na ɓata wa Allah suna, babu sauran amfanin komawa. Abin da ya karya wannan murya shi ne wani dattijo da ya zo gidanmu da yamma, ya zauna a tabarma, bai yi mini wa'azi ba, ya ce in faɗa masa ƙwaya nawa na sha a ranar. Na faɗa, ya yi addu'a, ya ce gobe zai dawo ya sake tambaya, ya kuwa dawo. A nan na gane abin da Yakubu 5:16 take nufi da mu furta wa juna laifofinmu domin mu warke. Muddin ina ɓoyewa, ƙwayar ce take mulkina.

Bangaskiya ta ba ni abin da magani bai ba ni ba, wato dalilin jurewa da tabbacin cewa an gafarta mini tun kafin in tsabtace kaina. Amma ta kuma nemi abubuwa masu wuya daga gare ni. Na bar fadarmu, inda muke zama a dafa shayi har tsakar dare, domin a nan ake jefa ƙwaya cikin buta kowa ya sha. Na canza hanyar da nake bi zuwa gida saboda kada in wuce ta gaban mai teburin da ya san ni, wanda ko ban yi magana ba zai miƙo. Kuɗin da na samu a yini matata nake ba, ta ba ni na abinci kawai. Korintiyawa ta fari 10:13 ta ce Allah yakan buɗe mafita tare da gwaji, ni kuwa sau da yawa mafitar tawa ita ce in ɗauki waya in kira dattijon nan kafin ƙafata ta kai ni inda zuciyata take ja.

Masu cewa ƙazamin ruhu ne ya dawo su karanta Matiyu 12:43 zuwa 45 har ƙarshe. Ruhun ya dawo ne domin ya tarar da gidan a share amma babu kowa a ciki. Idan aka raba saurayi da ƙwaya da abokai da wurin hira, ba a ba shi komai a madadinsu ba, zai koma. Ni zumuntar matasa ce ta cika mini yammacina, da koyon waƙa, safiyata kuma wani maƙwabcinmu Musulmi mai walda ne ya cika ta, ya ɗauke ni koyon sana'a alhali ya san tarihina sarai. Allah ya sāka masa da alheri.

Ba zan ɓoye miki ba, sha'awar takan taso har yanzu, musamman ranar da na gaji ko raina ya ɓaci. Bambancin shi ne yanzu ina iya cewa a'a, abin da dā ba ya cikin ikona ko kaɗan.

Yayar gida, unguwar Zariya, Maraɗi

Na gode, Baba, na gode ƴan'uwa. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku, ta kuma yarda mu je wurin fasto da asibiti. Saura abu ɗaya da ya raba kanmu a gida: babur ɗin. Da shi yake ci, amma a bakin aikin ne yake samun ƙwayar. Mu karɓe shi, ko mu bar masa?

Dattijon ikkilisiya, Tsibiri

Ƴata, tun da ma'aikaciyar jinya ta yi maganar jijjiga, bai kamata ya ɗauki ran mutane a bayansa ba sai likita ya ce babu haɗari. Amma kada ku ƙwace babur ɗin da ƙarfi kamar ana hukunta ɓarawo. Ku zauna da shi a gaban fasto, a yi yarjejeniya da yardarsa, a ba wani amintacce haya, kuɗin da ke shigowa a riƙa ajiye masa a hannun mahaifiyarku, ya kuma san adadinsu. A wannan tsakani dattawa su nema masa aikin hannu wurin wani mai sana'a, ko aikin lambu a bakin gulbi, inda zai wuni tare da mutanen da ba sa sha. Idan fastonku ya amince, zan shigo Maraɗi mu je wurinsa tare.