Yaya tsuntsaye ke gane nasu ta hanyar kuka?

Mai Kiwon Zabi:
Assalamu alaikum. Zabina da na maƙwabcina suna kiwo tare a bayan gari, amma da magariba ta gabato sai su ware, kowane garke ya nufi bishiyar da yake kwana, suna ta kuka. A kunnena kukan iri ɗaya ne. Shin da murya suke bambanta ɗan gida da baƙo, kuma gadonta suke yi ko koyo?

Malam Na Makaranta:
Wa alaikumus salam, Malam. A wasu tsuntsayen koyo ne. Masu bincike na Jami'ar Sheffield da ke Ingila sun yi nazarin wani ɗan tsuntsu mai doguwar wutsiya, wanda idan sheƙarsa ta lalace yakan koma ya taya danginsa ciyar da 'ya'ya. Sun sauya 'yan tsaki tsakanin sheƙuna, sai suka tarar cewa bayan sun girma kukansu ya yi kama da na waɗanda suka rene su, ya bambanta da na iyayen da suka haife su. An wallafa sakamakon a 2005. Wato dangi a wurinsu shi ne wanda aka tashi ana jin muryarsa.

Hajiya Mai Aku:
Haka wani mai bincike, Karl Berg, ya gani a ƙasar Benezuwela, inda ya sauya ƙwai a sheƙunan wani ƙaramin koren aku. Kowane ɗa ya tashi da kira nasa na kansa, tamkar suna, wanda ya samo daga muryar marenansa.

Dattijon Ƙauye:
Ina ganin a yi hattara kafin a ɗora wannan a kan zabi. Shekara da shekaru muna sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsakin suna amsa kiranta, suna shiga ƙarƙashin fiffikenta, amma da sun girma babu wanda ke yin cara ko ƙyarƙyara. Zabuwa ta riƙe kukanta mai gaɓa biyu, namiji kuma nasa mai gaɓa ɗaya. Saboda haka su gadon kukan suke yi, abin da suke koya shi ne muryar wanda za su bi. Ɗana, ka ɗauki sautin garken maƙwabcinka a waya, ka kunna wa naka da yamma, sannan ka kunna musu nasu, ka dawo ka ba mu labari.