Don Allah binciken tamowa da muke yi a ƙauyuka ya taɓa sauya wani abu a gwamnati kuwa?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, ta daɗe tana cin raina. Ni ma'aikaciyar sa-kai ce a wata mazaɓa nan Jigawa, shekara ta uku kenan duk sanda masu bincike suka zo kan abincin yara ni ake ɗauka saboda matan gari sun san ni, ina shiga har ɗaka. Aikin dai kun san shi, a auna damtsen yaro da tef ɗin nan mai ja da ruwan ɗorawa da kore, a ɗora shi a sikeli, a danna ƙafarsa a ga ko akwai kumburi, sannan a zauna da uwar ana tambayarta jiya me ya ci tun safe har dare, sau nawa aka ɗora tukunya, akwai ranar da kuka kwana ba ku ci ba, duk ina dannawa a waya.

To satin da ya wuce na shiga wani gida wata tsohuwa ta tare ni a zaure tace 'yar nan bara kin auna jikana kin rubuta, bana ma kin dawo da igiyarki, shin awon ne ke sa ƙiba? Wlh na rasa abin da zan ce mata, dariya kawai na yi amma jikina ya yi sanyi. Don gaskiyarta ne, ni kaina ban taɓa ganin sakamakon ko guda ɗaya ba, ana gamawa mota ta tafi shikenan.

Shi ne nake tambaya tsakani da Allah, akwai inda irin wannan binciken na cikin gari ya taɓa sa gwamnati ta canja tsari? Ko dai muna wahalar da mata ne kawai wasu na samun digiri. Wanda ya sani ya faɗa min don in san abin da zan riƙa gaya wa mutane.

Ɗan Maraɗi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni mutumin Nijar ne, aikin jinya nike, kuma amsar tambayarki e ce, ya taɓa, a gaban idonmu ma aka yi. Bari in ɗan ja zancen ki yi haƙuri.

Da can in yaro ya kamu da tamowa mai tsanani magani ɗaya ne, a kwantar da shi likita ana ba shi madara ta musamman da ake damawa da ruwa, uwa ta zauna da shi wajen wata guda. Ki duba fa, mace ta bar sauran 'ya'yanta, ta bar gona tsakiyar damina, ta bar maigida, ta zo ta tare wata guda. Da yawa guduwa suke da yaron kafin ya warke, mafi yawa ma ba su zuwa. Kuma gadajen nawa ne? A 1996 wani likita Bafaranshe André Briend shi da kamfanin Nutriset suka haɗa wannan abin da kuka sani na cikin leda, Plumpy'Nut, gyaɗa ce da sukari da mai da garin madara da sinadarai, ba ruwa a ciki shi ya sa ba ya saurin lalacewa ko ba firji, yaro ya tsotsa da kansa. Amma fa haɗa shi ba shi ya canja komai ba. Shekaru aka yi manyan likitoci na cewa ba za ta yiwu a ba mace ta ƙauye yaro mai wannan hali ta tafi da shi gida ba, mutuwa zai yi. Sai da aka gwada cikin ƙauyuka a Habasha da Malawi farkon shekarun 2000, ana ba uwaye suna tafiya gida, duk sati ɗaya ko biyu su dawo a auna, ana rubutawa. Irin aikinki dai sak.

Sai 2005 ta zo mana, fari da fara sun ci amfanin 2004, tiyar hatsi ta gagari talaka. Lokacin shugaba Tandja na cewa babu yunwa a ƙasar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a shekarar, galibi a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu ba su kwana likita ba, a gida uwayensu suka yi jinyarsu, kusan 9 cikin 10 sun tashi. Wannan lissafin ba wanda ya iya musu da shi. A 2007 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF da hukumar abinci ta WFP suka fito da sanarwa tare cewa wannan ita ce hanya, yaron da ke iya cin abinci kuma ba wata cuta a tare da shi a yi masa magani a gida. Ku a Nijeriya 2009 kuka fara, a Gombe da Kebbi. Ledar nan mai giram 92 da kike gani ana rabawa a asibitinku, daga rubuce-rubucen masu yawo gida gida ta samu shiga.

Na biyu kuma wanda ya fi burge ni, tef ɗin da tsohuwa ta kira igiya. A Miriya cikin jihar Damagaram ƙungiyar ALIMA da wata tamu ta gida BEFEN suka ce me zai hana a ba uwaye tef ɗin su riƙa auna 'ya'yansu da kansu. Aka yi ta dariya wai matan da ba su yi lakwal ba. To ai launi ne, ja ja ne ko ba ki iya karatu ba. Tsakanin 2013 da 2014 suka koya wa mata sama da 12,000 a yanki guda, ɗaya yankin kuma aka bar ma'aikata na yi kamar kullum, aka kwatanta. Yaran da uwaye suka gano da kansu sun fi zuwa da wuri, ba su kai ga kwanciya kamar na wancan ɓangaren ba, kuɗin da aka kashe kuma ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yau ƙasashe da dama sun sa shi cikin tsarinsu, lokacin korona ma da aka hana yawo shi aka dogara da shi.

Sai dai kar in yi miki daɗin baki, hukuma ba kullum take son lissafi ba. A 2008 gwamnatinmu ta dakatar da MSF ta Faransa daga aiki a Maraɗi. Wanda ya ƙirga mayunwata ba kowa ke murna da shi ba.

Bakatsine_77:

Malam Ɗan Maraɗi ka yi bayani Allah ya saka, amma ni fa ban gamsu ba. Duk abin da ka lissafo maganin yaron da ya riga ya rame ne. Ina maganar abin da ya ramar da shi? Mu nan yankin Batsari da Jibiya da Safana mutum yana da gona yana da ƙarfi amma ba halin ya je, wani wurin sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka a sake biya kafin a girbe, wane bincike ake jira kafin a san wannan. MSF da kansu sun ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinsu na Katsina cikin wata shidan farko na 2025. An ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci tun Yulin 2023, ni dai ban ga ta iso kwanon gidanmu ba.

Kuma masu binciken nan mata kawai suke tambaya, alhali makullin rumbu yana hannun wa? Ka je ka koya wa mace ta riƙa ba yaro ƙwai da wake da zogale, ta ce to, maigida ya auno mata kwano ɗaya na dawa yace ya kai jibi. Ƙwan ma na sayarwa ne a sayi omo da gishiri. Shi ya sa za ka ga madarar tamowar, wato Plumpy'Nut ɗin nan, a kasuwa ana sayarwa, mutane na zagin uwayen, ni ban ce daidai ba ne amma wadda ke da yara biyar babu ko ɗaya da ya karya, aka ba ta na mutum ɗaya, me kake zaton za ta yi.

Ɗan Maraɗi:

Ban musa maka ba ɗan'uwa. Gyaran magani ya fi gyaran rumbu sauƙi, shi ya sa shi ya fara motsawa. Mu ma bayan 2005 an mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, daga baya zamanin shugaba Issoufou aka kawo shirin 3N wai 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, amma har gobe da an shiga watan Yuli zuwa Satumba ɗakunanmu cika suke, rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba ga zazzaɓin sauro ya haɗu da shi. Maganar makullin rumbu kuwa ka faɗi gaskiya, wannan ma ai abin a rubuta ne.

Anti Hauwa:

Maman Ilham sannu da ƙoƙari ƙanwata. Na yi shekaru a ɓangaren abinci mai gina jiki na wata jiha kafin in yi ritaya, bari in faɗa miki inda takardunku ke maƙalewa don na gani da idona.

Alƙaluma ba su ne matsala ba, muna da su har sun yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kashi 57, jiharku Jigawa ta haura 60. Kowane kwamishina ya ji wannan a taro ya girgiza kai. Abin da ke faruwa shi ne rahoto na fitowa da turanci shafi ɗari, a yi taro a otal a ci abinci a raba jaka, a sa layi guda a kasafin kuɗi, shekara ta ƙare ba a saki ko rabi ba. Sa kuɗi a kasafi daban sakinsu daban, wannan duk wanda ya yi aikin gwamnati ya sani. Kuma mutane ba su san cewa kwamitin abinci na jiha ba a ma'aikatar lafiya yake ba, yana ƙarƙashin ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ne, sai ka ga ƙungiya ta yi shekara tana zarya ofishin da ba shi ke riƙe da lalitar ba.

Abin da na ga yana motsa su guda biyu ne. Ɗaya in aka ce kuɗinku zai ninka, kamar asusun nan na UNICEF da in jiha ta sa naira ɗaya su ƙara ɗaya a sayo madarar, nan da nan za ki ga an sa hannu. Biyu kuma in lissafin ya zama na garinsu. Ki ce wa ɗan majalisa kashi kaza cikin ɗari hamma zai yi, amma ki ce masa a mazaɓarka unguwa kaza yara goma sha kaza tef ya nuna ja kuma hakimi ya sani liman ya faɗa a masallaci an karanta a rediyo, to wayarsa ba za ta huta ba.

Don haka ni shawarata, wannan karon kafin ki ɗauki wayarsu ki tambayi shugabar tawagar yaushe za a dawo a gaya wa gari abin da aka samu, da Hausa, a ƙofar gidan dagaci, maza da mata. Haƙƙin mutanen ne ba alfarma ba, takardar amincewar da kike karanta musu kafin su dangwala ai ba ta sayar da bakinsu ba. In sun ce sai an gama nazari, to ke ki riƙe littafinki, ba suna ba, adadi kawai, ja nawa ɗorawa nawa a kowace unguwa da watan da aka auna. Watan na da muhimmanci sosai, awon da aka yi da kaka ana cikin sabon gero da wake ba zai nuna miki abin da Agusta ke nunawa ba, na sha faɗa da masu bincike kan wannan, su sun fi son rani saboda hanya na biyuwa. Ki kai wa kwamitin ci gaban mazaɓa da kansila, kuma ki kai kafin Oktoba lokacin ana haɗa kasafi, in gwamna ya riga ya kai majalisa sai baɗi.

Bakatsine kuma maganarka ta maza, a wata ƙaramar hukuma mun taɓa tara magidanta bayan la'asar muka auna yaransu a gabansu, wani dattijo da ya ga tef ya tsaya a ja a hannun ɗan autansa bai ce uffan ba ya tashi ya fita, mun zaci fushi ya yi, ashe gida ya je ya kamo akuya mai shayarwa ya ɗaure a ɗakin uwar.

Maman_Ilham:

Kai na gode ƙwarai wlh, Anti Allah ya ƙara girma, Malam Ɗan Maraɗi ban taɓa sanin daga wajenku abin ba uwaye tef ɗin nan ya taso ba. Akwai ragowar tef kusan talatin a jakata tun na bara ba wanda ya tambaye su, gobe in sha Allah zan fara da gidan tsohuwar nan in koya wa surukarta. Anti tambaya ɗaya, shi littafin in rubuta har da gidajen da suka ce sun kwana ba su ci ba, ko awon kawai? Don wasu kunya suke ji ba sa so maƙwabta su sani.

Anti Hauwa:

Rubuta, amma adadi kawai kar ki sa ko sunan maigida. In unguwar ƙarama ce da za a iya ganewa ki haɗa ta da ta kusa da ita. Kuma ki nuna wa surukar hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, kar ta matse kar ta saki, in ya nuna ja ko ƙafa ta kumbura kar ta jira ranar awo.