Ina Ake Zuwa Kallon Buhun Gawayi a Akara?

Hajiya Ramatu: Salamu alaikum 'yan zaure. 'Yar ƙanwata mai karatun zane a jami'ar KNUST za ta zo hutu daga Kumasi. Ta matsa sai na raka ta kallon fasahar nan da ake cika ɗaki guda da kaya, mutum ya shiga ciki ya zagaya. Ni kuwa iyakata Nima da Makola. Ina zan dosa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da Gallery 1957 da ke otal ɗin Kempinski, tun 2016 suke. Daga nan sai gidan baje kolin fasaha na Nubuke a unguwar East Legon, can akwai fili da inuwa. Amma ku duba shafinsu kafin ku hau trotro, don suna sauya kaya, wani lokaci sai ka tarar da bango fayau.

Baba Alhasan: Wai irin abin da mai fasahar nan Ibrahim Mahama ya yi a 2016 ne, da ya lulluɓe gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, National Theatre, da tsofaffin buhuna? Na wuce ta wurin, na zaci gyaran gini ake yi.

Zulai: Baba, da ka matsa kusa! Buhunan algarara ne da ake shigowa da su don zuba koko, in sun tsufa su koma hannun masu masara, daga ƙarshe masu gawayi. Na tsaya dab da su a wani baje koli, na ga faci kan faci, ga sunayen 'yan kasuwa da fenti, ga ɗinkin basilla. Warin ma kawai, sai da na tuna rumfar kakata a Aboabo. Hoto a waya ba ya kawo wannan.

Baba Alhasan: To 'yata, in wari ne fasaha, ɗakin ajiyata ya isa a sayar da tikiti.

Zulai: Allah ya ja kwana Baba, kai dai ka je.

Malam Sani: Hajiya, a nemi aikin Serge Attukwei Clottey ma, mutumin unguwar La. Galan ɗin ruwan nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan Kufuor yake yayyankawa, ya ɗinke da waya ya zama kamar ƙaton ƙyalle. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da asuba ba ya bukatar a yi masa bayani.

Awudu: Shawarata ɗaya: kada ki zauna kan komai sai kin tambaya. Bara na gaji a wani gidan kallo, na ga akwatin katako na ɗora jiki. Ashe yana cikin aikin. Mai gadi ya daka min tsawa kamar na taka sallaya da takalmi.

Hajiya Ramatu: Subhanallah! Ni da ciwon gwiwa.

Zulai: Anti, ki tafi da safe kafin rana ta yi. In hutun nata zai kai Agusta, akwai bikin fasaha na Chale Wote, a titi ake yinsa, sai dai cunkoso. Wanda kuma ya shirya doguwar tafiya, Red Clay, cibiyar fasahar Mahama a Tamale, har tsofaffin jiragen sama ya ajiye, yara na shiga ciki.

Hajiya Ramatu: Tamale sai wani jiƙon. Asabar za mu fara da Nubuke in sha Allah. Baba Alhasan, in biyo maka?

Baba Alhasan: In akwai kujerar da ba fasaha ba ce, ki biyo.