Neman kalma: me za mu kira multiple sclerosis da Hausa?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe huɗu zan shiga sutudiyo, ga shi na maƙale. Shirin a kan listeriya ne, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta abinci, wadda kan haura ƙasan ƙwaƙwalwa har likita ya zaci multiple sclerosis ce. Sunan wannan ta biyun nake nema, da kuma na brainstem.

Malamin Hausa: Na ƙarshen ba wuya: kututturen ƙwaƙwalwa. Shi ya ɗauke ta, shi ya haɗa ta da laka.

Nas daga Maraɗi: Mu nan gindin ƙwaƙwalwa muke ce wa majinyata, kuma suna ganewa.

Mai Shirin Lafiya: Hajiya, a rediyo? Ai sai masu bugo waya su mance da cutar. Kututture dai.

Malamin Hausa: Ita kuwa ɗayar, na daɗe da ƙirƙiro mata suna: ƙandarau. Kalmar sclerosis tauri take nufi. Ƙandarewa, ƙandarau, kamar yadda sanƙarewa ta haifi sanƙarau.

Likita: Malam, kalmar ta yi daɗin baki, amma ina tsoronta. Mai sauraro a kasuwa sanƙarau zai ji, alhali listeriyar kanta tana jawo sanƙarau. Abin da shirin ke son rabawa shi za mu cakuɗa. Mai listeriya yakan fara da zazzaɓi, ciwon kai da amai na 'yan kwanaki, sannan baki ya karkace, ido ya riƙa ganin abu biyu-biyu, haɗiya ta gagara, tafiya ta zama tangaɗi. A hoton MRI tabon na iya kama da na ɗaya cutar, wadda ita ba ta cika zuwa da zazzaɓi ba. Idan aka ruɗe aka ɗura masa sitiroyid mai ƙarfi, maganin kumburin da ake ba mai multiple sclerosis, an danne garkuwar jikinsa, ƙwayar ta samu fili. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ampicillin yake buƙata, da gaggawa, don ceftriaxone da aka saba ba mai sanƙarau ba ya kashe ta. Kuma Malam, taurin da ake faɗa a kalmar sclerosis na tabo ne a cikin ƙwaƙwalwa da laka.

Malamin Hausa: To Likita, kawo taka.

Likita: Garkuwar jiki ce ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki. Zagwanyewar rigar jijiya.

Malamin Hausa: Wannan ai jimla ce, ba suna ba. Kuma wace jijiya? Ta jini, ta agara, ko ta laka? Bahaushe duk jijiya yake ce musu.

Ɗan Damagaram: Ku 'yan Najeriya kullum daga Ingilishi kuke farawa. Likitan Faransa Charcot ne ya fayyace cutar a Faris a 1868, sclérose en plaques ya kira ta. Tabo-tabo ke nan. Cutar tabon laka, a wuce wurin.

Nas daga Maraɗi: Yaya, Faransancin ma ai ba a Damagaram aka haife shi ba.

Malamin Hausa: Ni abin da ke ci mini rai, ba wanda ya ɗaga gira a kan listeriya. Sunan Bature ne fa, Joseph Lister. An haɗiye ta salin-alin, tawa kuwa da ta fito daga tsatson Hausa ana yi mata tankaɗe da rairaya.

Likita: Maleriya da taifot fa, ranka ya daɗe? Sun zama 'yan gida.

Malamin Hausa: Don mun yi sakaci ne.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah a dawo kan hanya, dare na yi. Ga abin da na rubuta, da gajeren sunan multiple sclerosis a Turanci, MS: "cutar em-es, wato zagwanyewar rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka." Sau ɗaya zan faɗi dogon, daga nan em-es kawai. Zan buɗe da annobar Afirka ta Kudu ta 2017 zuwa 2018, inda poloni, wani sarrafaffen nama na kanti, ya sa mutum fiye da 1,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu.

Likita: Ya yi. Ka ƙara cewa sanyin firji ba ya hana ƙwayar yaɗuwa, kuma masu juna biyu su tafasa madara.

Ɗan Damagaram: Tabon lakar ko sau ɗaya ba za ta shiga ba?

Malamin Hausa: Em-es. To. Ku je da ita. Ni dai a ajina ƙandarau ce, kuma Litinin zan rubuta ta a allo.