Ɗaukar hoton tsofaffin jiragen Ilyushin da Antonov a Bur Sudan

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Masana kyamara, a taimaka. Tsofaffin jiragen Rasha irin su Il-76 da An-26 har yanzu suna gilmawa ta saman Bur Sudan (Port Sudan). Ina da zum (gilashin kyamara mai jawo nesa kusa) 70-300mm, amma hotuna biyu cikin uku sukan fito dishi-dishi kamar an ɗauka ta cikin ruwa, farfela kuma a tsaye cik kamar injin ya mutu. Ina gyaran yake?

Alhaji Na Kasala:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin maganar kyamara akwai maganar kanka. Ko lokacin zaman lafiya, filin jirgi da gadoji da barikin soja ba a ɗaukar su a ƙasar nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka koma dogaro da filin Bur Sudan, a Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai masa hari. Mai dogon zum a bakin shinge yau, ba za a tsaya jin cewa sha'awa ce ta kawo shi ba. Sai da tasrihi, wato izini, a rubuce daga hukumar filin da jami'an tsaro, da rana da wurin tsayawa a jikinsa. In babu, kyamara ta zauna a jaka. Jirgin soja kuwa ko da takarda a bar shi. Na farar hula za ka ga lambarsa ta fara da ST-, na baƙi kuma irin su RA- na Rasha, EX- na Kirgistan, UP- na Kazakistan.

Abu Safiya:
Gaskiyar Baba Alhaji ke nan. In izini ya samu, ga gyaran.

Dishi-dishin ba laifin zum ba ne, ƙawalwalniya ce. Kwalta ta ɗau zafi, iska tana rawa a kanta, kai kuma ka ja 300mm ka tattaro rawar mita ɗari biyar cikin hoto guda. Babu manhajar da ke gyara wannan. Ɗauki daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, rana tana bayanka, ka rage tazara maimakon ƙara zum, ka fi son jirgi a sama da wanda ke kan titi.

Farfela kuma lissafi ce. Misali, ta An-12, mai injin AI-20, tana juyawa kusan sau 1,075 a minti, wato 18 a daƙiƙa. In kyamara ta buɗe ido na 1/1000 na daƙiƙa kawai, reshenta bai wuce digiri 6 ko 7 ya gusa ba, shi ya sa take daskarewa. A 1/250 digiri 26, ya fara kyau. A 1/125 digiri 52. Tunda rassa huɗu ne, cikakken faifai sai wajen 1/60, wannan kuwa sai mai hannu. Fara da 1/250, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi jirgin da juyin ƙugu, kada ka tsaya bayan ka danna.

Matsalar da ke biyo baya: a hasken ranar Sudan, ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske) da 1/125 za su tura ka f/16, wato ka tsuke ƙofar haske sosai, nan duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Sa gilashin rage haske ND4 ka dawo f/8. Il-76 ba ta da farfela, ba ta 1/1000 da f/8 ka huta.

Injiniya Takari:
Ƙaramin gyara, ɗan'uwa Ɗan Mai Wurno: Antonov ba na Rasha ba ne kai tsaye. Na Tarayyar Sobiyet ne, ofishin zanensa a Kiyef ta Yukiren. Ilyushin da Tupolev ne na Mosko. Yawan waɗannan jirage a Sudan ma yana da nasaba da takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017, da ya sa kayan gyaran Boeing suka yi wuya.

Mutane suna yawan rubuta sunan da ba shi ba a ƙarƙashin hoto. An-24 na fasinja ne, tagogi a jere. An-26 yana da ƙofar kaya a ƙarƙashin wutsiya. An-32 injinansa a ɗare suke bisa fiffike, kamar ya ɗaga kafaɗa. Il-76 kuwa kyawunta yana hancin gilashin nan na mai duba hanya, da baƙin hayaƙin injinanta huɗu na D-30KP. Daga gefe sak ba za ka sami ko ɗaya da kyau ba. Tare ta daga gaba a karkace tana tahowa, hayaƙin ya jeru a bayanta. In kyamara ta auna farin sama sai cikin jirgin ya yi baƙi ƙirin, don haka ƙara haske da +2/3, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Abu Safiya:
Na manta laimar Bahar Maliya. Ka fito da kyamara daga mota mai sanyi, gilashi zai yi gumi nan take. Bar ta a rufe cikin jaka minti 15 ta saba da zafin waje. Kada ka sauya zum a fili in iska na ɗauke da rairayi, kuma a busa ƙura da 'yar roba kafin a goge, in ba haka ba tsumman ne zai karce gilashin.