Odita na cikin gida da kula da haɗarin kamfani: abin da aka tattauna

'Yan uwa, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu:

1. Kowa ya yarda aikin odita shi ne ya tabbatar wa hukumar daraktoci cewa tsarin kula da haɗari yana aiki, kuma ana kai rahoton manyan haɗura daidai.

2. Ba huruminsa ba ne ya yanke iyakar haɗarin da kamfani zai ɗauka, ko ya zaɓi matakin magance shi. Wannan na shugabanni ne, kamar yadda takardar IIA (ƙungiyar masu aikin odit na cikin gida ta duniya) ta 2004 ta fayyace.

3. Inda aka rabu: ko zai iya jagorantar taron gano haɗura, ya taya manajoji haɗa rajistarsu ta haɗura, wato jerin haɗuran da aka gano? Wasu sun ce a ƙaramin kamfani babu wanda ya fi shi sanin kan aikin. Wasu kuma sun ce wanda ya rubuta rajistar da hannunsa, gobe da wane ido zai bincike ta? A ganina masu wannan fargabar sun fi gaskiya. Aka tsaya kan cewa ya taimaka, amma manaja ne zai sa hannu, kuma kada odita ya binciki aikin da ya riƙe sai bayan shekara guda.

4. Rahotonsa ya tafi kai tsaye ga kwamitin odit na hukumar daraktoci.